Me ya sa hoton Alexander Hamilton ke kan takardar dala 10 alhali bai taɓa mulkin Amurka ba?

Tambaya: Na ɗauka shugabannin ƙasa kaɗai ake sa wa hoto a kan takardun kuɗin Amurka, sai aka ce mini wanda ke kan dala 10, Alexander Hamilton, bai taɓa zama shugaban ƙasa ba. Me ya yi har ya kai wannan matsayi? Kuma da gaske ne haihuwarsa a wajen ƙasar ce ta hana shi tsayawa takara?

Amsa: Malam, rabin farko na abin da aka faɗa maka gaskiya ne. Hamilton bai taɓa hawa kujerar shugaban ƙasa ba, kuma ba shi kaɗai ba ne, Benjamin Franklin da ke kan dala 100 shi ma bai hau ba. Rabi na biyun ne ke da gyara. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ce shugaban ƙasa ya zama haifaffen ƙasar, ko kuma wanda yake ɗan ƙasa a lokacin da aka amince da kundin. Hamilton yana cikin kashi na biyu, saboda haka doka ba ta tare masa hanya ba. Abin da ya tare shi yana cikin halinsa, kuma zan zo kansa. Amma bari mu fara da dalilin hoton, domin nan ne kan zancen: shi ne ya tarar da gwamnatin da ba mai yarda ya ranta mata ko sisi, ya bar ta a matsayin wadda ake sayen takardar alkawarinta da kuɗi tsaba.

An haife shi a tsibirin Nevis da ke yankin Karebiyan, a 1755 ko 1757, don takardun da suka rage sun saɓa wa juna. Iyayensa ba su da aure a idon doka. Uban ya tafi ya bar su, uwar ta rasu da zazzaɓi a 1768 a tsibirin Saint Croix, yaron ya zama maraya marar gado. Sai ya kama aikin akawu a wani kamfanin fatauci, inda ya koyi lissafin kaya, canjin kuɗaɗen ƙasashe, da sanin wanda ake ba bashi da wanda ake hana wa. A 1772 guguwa ta yi wa tsibirin kaca-kaca, ya rubuta wasiƙa yana bayanin abin da ya gani, jarida ta buga, manyan gari suka ga wannan kai bai kamata ya ƙare a kanti ba. Suka haɗa masa kuɗi ya tafi karatu, har ya shiga King's College a New York, wadda yau ita ce Jami'ar Columbia.

Yaƙin neman 'yanci daga Ingila ya katse masa karatun. A 1776 yana kyaftin ɗin wata rundunar igwa, a Maris 1777 kuma George Washington, babban kwamandan sojojin neman 'yanci, ya ɗauke shi cikin mataimakansa na kusa. Shekara huɗu ya yi a wannan aiki, kuma a ganina duk wanda bai fahimci waɗannan shekaru huɗu ba, ba zai fahimci Hamilton ba. Aikinsa rubuta wasiƙun babban kwamanda ne, kuma da yawansu roƙo ne: a aiko da takalma, a aiko da gari, a biya sojoji albashi. Yana sansanin soja na Valley Forge a hunturun 1777 zuwa 1778, lokacin da sojoji ke mutuwa da sanyi da cuta da yunwa a ƙasar da ba abinci ta rasa ba. Majalisar da ke jagorantar yaƙin ba ta da ikon karɓar haraji daga kowa. Iyakarta ta roƙi jihohi goma sha uku, kowace ta ba da abin da ta ga dama, in ta ga dama. Da roƙo ya gaza sai aka koma buga kuɗin takarda ba ƙaƙƙautawa, har takardar ta zama abin ba'a a bakin mutane. Manomi ya gwammace ya sayar wa sojan Ingila hatsi ya karɓi zinariya da ya sayar wa nasa ya karɓi takarda. Saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ga wannan da idonsa, kuma tun a 1781 ya rubuta wa Robert Morris, mai kula da kuɗin majalisar, cewa bashin ƙasa, muddin bai wuce kima ba, zai zame musu alheri. Wannan magana ce ya shafe sauran rayuwarsa yana tabbatarwa.

Ya samu abin da ya daɗe yana nema, wato jagorantar mayaƙa a filin daga, a Yorktown cikin Oktoba 1781, inda ya ja farmakin dare a kan ɗaya daga cikin shingayen Ingila. Bayan yaƙi ya zama lauya a New York. Kafin nan ya auri Elizabeth Schuyler a 1780, 'yar ɗaya daga cikin manyan gidajen jihar, auren da ya ba shi dangin da bai taso da su ba.

An ci yaƙi, amma cutar ba ta warke ba. Sau biyu aka nemi a ba majalisar tarayya ikon karɓar kuɗin fito na kashi biyar cikin ɗari. Karon farko Rhode Island ta ƙi, karo na biyu New York ta kawo cikas, kuma tsarin lokacin ya ce sai kowace jiha ta yarda. Hamilton na cikin waɗanda suka matsa a taron Annapolis na 1786 cewa a kira babban taro, wanda aka yi a Philadelphia a 1787, inda aka rubuta kundin tsarin mulki. A wannan taro bai yi abin a-zo-a-gani ba, gaskiya ma ya yi wa kansa illa. Ranar 18 ga Yuni ya tashi ya yi jawabi na wajen sa'a shida, yana ba da shawarar a zaɓi shugaba da 'yan majalisar dattawa su zauna muddin rai, matuƙar ba su yi laifi ba, yana kuma yabon tsarin mulkin Ingila. An saurare shi, ba wanda ya bi shi. Abokan hamayya kuwa suka riƙe wannan jawabi, suka yi ta kiransa mai son sarauta har ya mutu. Abin da na fi girmama shi da shi a nan shi ne abin da ya biyo baya. Kundin da aka fitar ba irin wanda ya so ba ne, amma ya sa hannu, shi kaɗai daga New York, sannan ya zama babban mai kare shi. Shi da James Madison da John Jay suka rubuta maƙaloli 85 a jaridu da sunan aro na Publius, waɗanda aka tattara da sunan The Federalist. Kusan 51 nasa ne. Har gobe Kotun Ƙolin Amurka tana kafa hujja da su. A Yuli 1788 New York ta amince da kundin da ƙuri'a 30 a kan 27, da ƙyar da jiɓin goshi.

Yanzu mu zo ga ainihin aikin. Ranar 11 ga Satumba 1789 Washington, wanda ya zama shugaban ƙasa na farko, ya naɗa shi sakataren baitulmali na farko, wato ministan kuɗi. A Janairu 1790 ya miƙa wa majalisa rahotonsa a kan bashin ƙasa. Tarayya na da bashin kusan dala miliyan 54, wanda kusan miliyan 12 na ƙasashen waje ne, galibi Faransa da masu bankunan Holan, sauran kuma na 'yan ƙasa. Jihohi kuma ya ƙiyasta nasu a kan miliyan 25. Wannan a ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan huɗu ba. Bashin waje ba wanda ya yi gardama a kansa. Rigimar tana kan na gida, kuma ta rabu gida biyu.

Ta farko ita ce: wa za a biya? Lokacin yaƙi an ba sojoji da manoma takardun shaidar bashi maimakon kuɗi. Shekaru suka shuɗe ba a biya ba, talauci ya sa da yawansu suka sayar da takardun ga 'yan kasuwa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da labarin shirin Hamilton ya fara fita, dillalai suka bazama ƙauyuka, wasu har da jiragen ruwa zuwa jihohin kudu, suna saye da arha daga hannun waɗanda labari bai kai musu ba. Madison, abokin rubutunsa na jiya, ya tashi a majalisa ya ce wannan zalunci ne. Shawararsa ita ce a biya ɗan kasuwa gwargwadon farashin kasuwa, a mayar wa sojan asali ragowar. Hamilton ya ƙi. Ya ce duk wanda takarda ke hannunsa shi za a biya. Hujjarsa ita ce takardar gwamnati ba ta da daraja sai in mai saye ya tabbata cewa abin da ke rubuce a jikinta nasa ne, ba za a zo gobe a ce a sake duba wanda ya fi cancanta ba. In gwamnati ta fara zaɓen wanda za ta cika wa alkawari, ba wanda zai ƙara sayen takardarta, kuma ranar da ta sake shiga yaƙi ba mai ranta mata. Ga kuma wahalar bin sawun takardar da ta ratsa hannu biyar ko goma.

Na daɗe ina juya wannan muhawara, kuma ba na jin Madison ya yi maganar banza. Sojan da ya yi tafiya ba takalmi a kan ƙanƙara, ya sayar da haƙƙinsa don ya ciyar da iyali, sannan ya ga wanda bai ji ƙarar bindiga ba ya kwashe riba, yana da dalilin jin ciwo, kuma ciwon nan bai kamata a share shi daga labarin ba. Amma a kan tambayar yadda ƙasa ke samun amincin masu ba da bashi, Hamilton ne ke da gaskiya. Majalisa ta yi watsi da shawarar Madison da rinjaye mai yawa.

Ta biyu ta fi zafi: ya ce tarayya ta ɗauke wa jihohi bashinsu na yaƙi. Massachusetts da South Carolina, da bashi ya yi musu katutu, suka yi murna. Virginia, da ta riga ta biya kaso mai yawa na nata, ta ce don me za a sa ta biya na wasu. A fili Hamilton ya ce yaƙin na kowa ne, saboda haka bashin ma na kowa ne, har ya kira shi farashin 'yanci. Amma akwai lissafi na biyu a ƙarƙashi, wanda bai ɓoye ba. Attajirin da jiharsa ce ke riƙe da kuɗinsa, jihar zai yi wa addu'a. Ranar da bashin ya koma wuyan tarayya, wannan attajirin zai zama mai fatan tarayya ta ɗore, don in ta rushe kuɗinsa ya bi ruwa. Kuma gwamnatin da ta ɗauki bashi ta samu hujjar karɓar haraji. Wato da igiyar bashi ya so ya ɗaure jihohi goma sha uku wuri guda. Mutanen Virginia sun gane haka sarai, shi ya sa suka yi tsayin daka, kuma a Afrilu 1790 majalisar wakilai ta kayar da shirin.

Yadda aka warware shi ya zama sanannen labari. Kamar yadda Thomas Jefferson, sakataren harkokin waje na lokacin, ya ba da labari daga baya, ya gayyaci Hamilton da Madison cin abincin dare a gidansa a New York cikin Yuni 1790. Aka yi ban-gishiri-in-ba-ka-manda: 'yan kudu za su sassauta a kan bashin jihohi, 'yan arewa kuma za su bari a gina babban birnin ƙasa a bakin kogin Potomac, bayan zaman shekara goma a Philadelphia. A Yuli dokar babban birni ta wuce, a Agusta dokar bashi ta biyo baya, tarayya ta amince ta ɗauki har dala miliyan 21.5 na jihohi. Birnin Washington da ka sani yau daga wannan ciniki ya fito. Hamilton ɗan New York ne, amma ya sadaukar da zaman babban birni a garinsa don tsarin kuɗinsa ya rayu.

Alkawarin biya ba ya tsayawa sai da kuɗin shiga. Mafi yawansu daga kuɗin fito na tashoshin jiragen ruwa suke zuwa, don haka ya tsara aikin kwastam da tsanani, ya sa aka gina ƙananan jiragen sintiri goma a 1790 don kama 'yan fasa-ƙwauri. Daga su ne rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta samo asali. Sai ya kawo batun banki. Bankin Amurka na farko, wanda aka ba izini a Fabrairu 1791 na tsawon shekara ashirin, yana da jarin dala miliyan 10: gwamnati ta riƙe miliyan 2, sauran na 'yan kasuwa. Dubi dabarar da ke ciki. Mai sayen hannun jari zai biya kashi ɗaya cikin huɗu da zinariya ko azurfa, kashi uku kuma da takardun bashin gwamnati. Wato takardar da jiya ake jefarwa ta zama abin da ake nema don a shiga banki, farashinta ya tashi, kuma ta koma jari a ƙasar da tsabar kuɗi ke ƙaranci.

Jefferson da Edmund Randolph, babban lauyan gwamnati, suka ce wa Washington kundin tsarin mulki bai ambaci banki ba, saboda haka tarayya ba ta da ikon kafa shi. Washington ya nemi amsar Hamilton. Ya rubuta doguwar takarda yana cewa duk gwamnatin da aka ba wani aiki, an ba ta hanyoyin yin sa, muddin ba a haramta su ba. In an ba ta ikon karɓar haraji da cin bashi, to an ba ta ikon kafa abin da zai sauƙaƙa su. Washington ya gamsu ya sa hannu. A 1819 Kotun Ƙoli a ƙarƙashin John Marshall ta ɗauki wannan fahimta a shari'ar McCulloch da Maryland. Wannan ja-in-ja a kan iyakar ikon tarayya da na jiha ba baƙo ba ne ga mai karatu a Nijeriya, ƙasar da ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979.

Ba duk abin da ya taɓa ne ya yi kyau ba. Rahotonsa na Disamba 1791 a kan masana'antu, inda ya nemi gwamnati ta tallafa wa masu ƙere-ƙere na gida, majalisa ba ta ɗauke shi a dunƙule ba, sai bayan ransa ra'ayin ya yi tasiri. Tsohon mataimakinsa William Duer ya shiga cacar hannun jari har ya jawo rikicin kasuwa na 1792, ya ƙare a gidan kaso saboda bashi. Harajin da ya sa a kan barasar wiski a 1791 kuwa ya faɗa da nauyi a kan ƙananan manoman yammacin Pennsylvania, waɗanda ke mayar da hatsinsu barasa don ta fi sauƙin ɗauka a ƙetare duwatsu, har suna amfani da ita a madadin kuɗi. Tsarin harajin ya fi sauƙi ga manyan masu matsa fiye da ƙanana. Da suka yi bore a 1794, aka tara mayaƙa kusan 13,000, Hamilton da kansa ya bi su. Kafin su isa boren ya watse. Gwamnati ta nuna tana iya tilasta dokarta, amma mutanen karkara sun ɗauki darasin cewa wannan mutum ba ya jin kukansu. Kuma ba su yi kuskure ƙwarai ba: Hamilton bai taɓa amincewa da hukuncin talakawa ba, kuma bai iya ɓoye hakan ba.

Daga wannan rigima jam'iyyun siyasa na farko suka fito. Masu bin Hamilton suna son tarayya mai ƙarfi, kasuwanci, da zaman lafiya da Ingila. Masu bin Jefferson da Madison suna son ikon jihohi, noma, da ƙawance da Faransa mai juyin juya hali. A 1793 abokan hamayyarsa a majalisa suka nemi a tsawata masa a kan yadda yake juya kuɗin gwamnati. Ya kawo lissafi dalla-dalla, ƙudurorin suka faɗi. Ya sauka a ƙarshen Janairu 1795 ya koma aikin lauya, don albashin minista ba ya riƙe iyalinsa. Ko bayan nan Washington bai daina neman shawararsa ba, shi ne ma ya taimaka wajen tsara jawabin bankwanansa na 1796.

To, me ya hana shi shugabanci? Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, shi kuwa alƙalaminsa ne ya yanka shi, har sau biyu.

Na farko: a 1791 ya shiga alaƙar banza da wata matar aure, Maria Reynolds. Mijinta ya gano, ya riƙa karɓar kuɗin toshiyar baki, sama da dala dubu. A ƙarshen 1792 'yan majalisa uku, ciki har da James Monroe, suka same shi da zargin cewa kuɗin nan na wata harƙalla ce da dukiyar gwamnati. Ya nuna musu wasiƙu, ya ce laifinsa na cin amanar aure ne, ba na baitulmali ba. Suka yarda, aka rufe. A 1797 wani ɗan jarida, James Callender, ya tono zancen. Hamilton ya zauna ya rubuta ɗan littafi da sunansa, ya bayyana komai, don ya wanke kansa daga zargin sata. Ya zaɓi a kira shi maci amanar matarsa da a kira shi ɓarawon gwamnati. A nan za ka ga abin da ya fi daraja a wurinsa, za ka kuma ga rashin tausayin da ya yi wa matar da ba ta ji ba ba ta gani ba, wadda ta sha kunyar a bainar jama'a.

Na biyu ya fi muni a siyasance. John Adams, shugaba na biyu, ɗan jam'iyyarsu ne, amma ba sa ga maciji. Lokacin zaman ɗar-ɗar da Faransa a 1798, Washington ya dage a naɗa Hamilton mataimakinsa a sabuwar rundunar soja, Adams ya yarda ba da son ransa ba. Daga baya Adams ya aika wakilai aka yi sulhu da Faransa, rundunar ta zama ba ta da aiki. A wannan gaɓa Adams ne ya yi daidai. Washington ya rasu a Disamba 1799, kuma da rasuwarsa Hamilton ya rasa mutum ɗaya tilo da ke iya taka masa birki. Ana dab da zaɓen 1800 ya rubuta doguwar wasiƙa yana kushe halin Adams, ɗan takarar jam'iyyarsa. Wasiƙar ta faɗa hannun abokan hamayya, jaridu suka buga, jam'iyyar ta tsage. Ba ta ƙara cin zaɓen shugaban ƙasa ba har ta mutu.

Duk da haka a wannan zaɓen ne ya yi wani abu da nake ganin yana cikin mafi kyawun ayyukansa. Jefferson da Aaron Burr, 'yan jam'iyya ɗaya, suka yi kunnen doki da ƙuri'a 73 kowanne daga wakilan jihohi masu zaɓen shugaba, hukunci ya koma majalisar wakilai. Da yawa daga 'yan jam'iyyar Hamilton suka so su ba Burr don su ƙuntata wa Jefferson. Hamilton ya yi ta rubuta musu wasiƙu yana cewa kada su kuskura. Jefferson abokin gabansa ne na shekara goma, amma mutum ne mai aƙida, ko da aƙidar kuskure ce a ganinsa. Burr kuwa, in ji shi, ba abin da ya sa gaba sai kansa. Sai a zagaye na 36, a Fabrairu 1801, Jefferson ya samu nasara.

Akwai batun bauta da bai kamata in tsallake ba. Ya taso a tsibiran rake inda bayi suka fi 'ya'ya yawa nesa ba kusa ba. Lokacin yaƙi ya goyi bayan shirin abokinsa John Laurens na ɗaukar bayi soja a ba su 'yanci, kuma yana cikin ƙungiyar neman 'yanta bayi ta New York da aka kafa a 1785. Amma gidan surukansa na da bayi, kuma littattafan lissafinsa sun nuna ya shiga tsakani a cinikin bayi a madadin dangin matarsa. Bai taɓa sa wannan batu a gaban haɗin kan ƙasa ko tsarin kuɗinsa ba. Ya fi yawancin tsaransa a kan wannan, amma masu mayar da shi gwarzon yaƙi da bauta sun ƙara gishiri.

Ƙarshensa ya zo ta hannun Burr. A 1804 Burr, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya nemi gwamnan New York ya sha kaye. Wata jarida ta buga wasiƙar wani likita da ke cewa ya ji Hamilton yana faɗin mummunan ra'ayi a kan Burr a wurin cin abinci. Burr ya nemi ya janye ko ya musanta, Hamilton ya ƙi. A al'adar manyan mutanen zamanin, irin wannan sai fito-na-fito da bindiga. Abin takaicin shi ne ɗansa na fari, Philip, ya mutu a irin wannan karo a 1801 yana ɗan shekara 19, a jihar New Jersey, inda uban ma ya je nasa karon, a garin Weehawken. Kafin ranar, Hamilton ya rubuta cewa yana ƙin wannan al'ada, kuma ya ƙudurta ba zai auna Burr da harbin farko ba, amma yana ganin in ya ƙi zuwa ba zai ƙara yin amfani a harkar jama'a ba. Da safiyar 11 ga Yuli 1804 suka haɗu. Harsashin Burr ya same shi a ciki, ya rasu washegari a New York, aka binne shi a harabar cocin Trinity. Mutumin da miliyoyi suka bi ta hannunsa ya mutu da bashi a wuyansa, sai da abokai suka yi karo-karo a asirce don iyalinsa. Matarsa ta rayu shekara hamsin bayansa, ta rasu a 1854, tana ta tattara takardunsa.

Hujja mafi ƙarfi a kan aikinsa daga hannun abokan gabansa ta fito. Jefferson ya hau mulki da niyyar rage bashi, ya soke harajin wiski, amma shi da sakataren baitulmalinsa Albert Gallatin ba su rusa ginshiƙin tsarin ba. A 1803 da Faransa ta sa yankin Louisiana a kasuwa a kan dala miliyan 15, da takardun bashin gwamnati aka biya mafi yawan kuɗin, ta hannun bankunan Landan da Amsterdam, waɗanda suka karɓa don sun san Amurka na biya. Ƙasar ta kusan ninka girmanta da amincin da Hamilton ya gina. A 1811 majalisa ta bar izinin bankin ya ƙare, yaƙin 1812 da Ingila ya zo, gwamnati ta sha wuyar neman kuɗi, sai ga Madison, wanda ya yaƙi bankin farko, yana shugaban ƙasa yana sa hannu a kafa na biyu a 1816.

Hotonsa yana kan dala 10 tun fitowar ƙananan takardun kuɗi na 1928. A 2015 baitulmali ya sanar da shirin sauya takardar, mutane suka yi ca, a 2016 aka ce zai zauna. Idan ta shigo hannunka ka juya bayanta, ginin da za ka gani shi ne hedikwatar baitulmalin Amurka a Washington, birnin da ya yarda a gina don a ɗauki bashin jihohi. Mutum-mutuminsa na tsaye a ƙofar kudu ta ginin tun 1923, na Gallatin kuma yana ƙofar arewa.